Tudun Kan Mangwaro

Kafin in fara, bari in roƙi masu turo min saƙo suna cewa in yi haƙuri in aure shi, wai kowane namiji da halinsa, su ɗan dakata. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan da ta ce boko ne ya sa min girman kai. Ban ji haushi ba, 'yar'uwa. Ki karanta wannan zuwa ƙarshe, sai ki sake turo min in ji.

Ga waɗanda yau suka fara bina, ni safiyo ce, awon ƙasa ne sana'ata. Shekarata ashirin da tara, ni ce babba a gidanmu, ƙannena mata biyu duk suna ɗakunansu, kun ga kuwa ba sai na faɗa muku irin kallon da ake min a gida ba. A ofis aikina shi ne haɗa taswirar da ke nuna tudu da kwari, mita nawa kowane wuri ya ɗaga, domin a san inda ruwa zai bi idan an yi sama. Bara na samu lasisi, aka ba ni hatimi mai sunana da lambata. Duk takardar da na buga masa na sa hannu, na ɗauki alhakinta ke nan. Idan gini ya nutse a kanta ni za a nema, lasisin kuma ya tafi. Shekara bakwai ina gasuwa a rana kafin in same shi, shi ya sa ba ya kwana a ofis. A durowar cikin sif ɗina yake zama, a kulle, sai ranar da zan yi amfani da shi.

To, sai ga Injiniya. Haka muke ce masa don haka ya gabatar da kansa, ko da yake har yau ban ji wanda ya ce sun zauna aji ɗaya ba. Goggona ce ta kawo shi wata uku da suka wuce, tana rawar jiki kamar ta tsinci zinare a bola. Mutum ne da turarensa ke rigansa shiga ɗaki, agogonsa ya kai murfin kwalbar zuma, sannan a bayan motarsa akwai farar hular kwano irin ta masu gini, wadda tun da aka ƙera ta ƙura ba ta taɓa hawa kanta ba. A jikin gilashi yake ajiye ta yadda duk wanda ke bayansa zai gani.

Umma kuwa tuni ta ba da gari. Ranar da zai zo, kofunan da ta hana mu taɓawa tun ina firamare su ake fitowa da su, a canza labule, a kori kowa daga falo. Akwai wata taswira a bangon falonmu cikin firam, aikina na farko bayan lasisi, da hatimina da sa hannuna a ƙasa. Abba ne ya rataye ta da kansa don alfahari. Duk zuwan Injiniya sai ya tsaya a gabanta, hannu a baya, yana gyaɗa kai. Umma ta ce min, "Kin ga mai darajta aikinki ko?" Ni ma, Allah ya sani, abin ya ɗan burge ni a lokacin.

Ranar Laraba da la'asar na dawo aiki a gajiye, da rigar filin nan mai ƙyalli a kan doguwar rigata, takalmina duk jar ƙasa. Tun a tsakar gida Umma ta tare ni.

"Haka za ki shiga masa kamar mai gyaran titi? Wuce ki sa rigar nan ruwan toka, ki ɗauki mayafin da Goggonki ta kawo."

Na sa ruwan tokar. Na tarar da shi a kujerar Abba, Abba kuma ya koma ƙaramar kujera, Goggo na gefe baki har kunne. Ya fito da babbar wayarsa mai faɗin faranti yana juya musu hoton wata unguwa da ɗan yatsa: gida arba'in da biyu, jan rufi, furanni, har da wasu mutanen kwamfuta suna yawo da kare.

"A kan tudu take, Abba," in ji shi. "Iska ta ko'ina. Ko wata guda aka yi ana ruwa ba za ka ga ɗigo ya kwanta ba. Wannan mai lamba ɗaya naka ne, idan ka ajiye aiki ka huta."

Abba ya yi murmushin nan nasa na mai kunya. Shekara talatin yana haya, kuma ko bai faɗa ba na san abin na cinsa. Na ga yadda ya matso da fuskarsa kusa da hoton yana ƙirga tagogi.

Injiniya ya juyo gare ni. "Gimbiya, ɗan abu ƙarami ya rage. Hukumar tsara gari na son hatimin safiyo a kan taswirar tudun. Na ce ina da ke a gida, me zai kai ni wajen bare?"

"Wa ya auna filin?"

"Tauraron ɗan Adam," ya faɗa yana nuna silin, sai ka ce a can ya ajiye shi. "Zamani ya wuce yawo da sanda cikin rana, ranki ya daɗe. Minti biyar na sauke komai."

Goggo ta ce, "Ikon Allah." Ni kuwa na ce ya turo min in duba.

Bari in yi muku bayani a taƙaice, don ku gane abin da ya sa ban yarda ba. Akwai awon tudu da kwari na duniya baki ɗaya da ake saukewa kyauta a intanet, kuma yana da amfaninsa idan kana son ganin yanki mai faɗi. Amma shi yanka ƙasa yake yi murabba'i-murabba'i, kowane ɗaya mita talatin ta kowane gefe, ya ba shi tsayi guda ɗaya. Wato gidanmu da na maƙwabta da kwatar da ke tsakani, duk ɗigo ɗaya ne a wurinsa. Sannan daga sama yake leƙowa, abin da ya fara cin karo da shi shi yake rubutawa. Idan rufi ne, rufi. Idan bishiyoyi ne masu duhu, kan bishiya. Duk ɗalibin da ya yi wata uku a ajin awo ya san wannan, amma wai Injiniya da shi zai kafa gida arba'in da biyu.

Washegari na buɗe abin a ofis. Tudun na nan kuwa, kyakkyawa, sai dai gefensa huɗu a miƙe sambal kamar an yanka da reza. Ogana, tsohon safiyo da ya kusa ajiye aiki, mutumin da bai iya ɓata kalma ba, ya leƙo ta saman tabarau.

"Kin taɓa ganin Allah ya halicci tudu mai kusurwa huɗu?"

"Shi nake kallo, Oga."

Ya duba lambobin wurin. "Wannan ai tsohon lambun mangwaron nan ne na bayan babbar hanya. Ɗauki na'ura ranar Asabar ki je ki taka da ƙafarki."

Asabar da hantsi na ɗaura igiyar takalmi na tafi. Ban gaya wa kowa a gida ba, Umma ta ɗauka aikin ofis ne. Tun daga kan kwalta na ga amsar, domin motata gangarawa ta yi, ba hawa ba. An sare lambun ƙaf, kututture ne jere-jere iya ganinka, wasu faɗinsu ya kai tabarma. Masu buga bulo na ta aiki a gefe. Ga ƙaton allo da hoton Injiniya sanye da farar hular nan, yana nuna sama da yatsa.

Na kafa na'ura a kan turken awo na bakin hanya, wanda muka san tsayinsa tabbas, na shiga bin filin da sanda. Wuri sittin na auna. Na farko ya nuna ƙasa da taswirarsa da mita shida. Na ce ko na'ura ce, na kashe na kunna. Na biyu mita bakwai. Haka na yi ta tafiya gumi na bin bayana, lambobi na ta faɗa min abu guda: tudun Injiniya ganyen mangwaro ne, kuma shi da kansa ya sa aka sare shi. Abin da ya rage kwano ne. Ga babban kwalbatin hanya ya buɗe baki yana kallon filin, tsakiyar wurin kuma ta fi bakin kwalbatin zurfi da mita ɗaya da rabi.

Wani dattijo mai gadi da ke zaune a inuwar tsohon ɗakin famfo ya daɗe yana kallona.

"'Yata, ke ma awon kika zo?"

"Eh, Baba. Ruwa na kwanciya a nan?"

Ya tashi ya dafa bangon ɗakin. Akwai wani layi ruwan ƙasa da ya zagaye ginin, daidai ƙirjinsa. "Na bara ke nan. Na bariya ya ɗara haka. Mangwaro dai ba ruwansa, yana so ma."

Na tambaye shi ina za a gina gida mai lamba ɗaya. Ya nuna min wasu turaku masu jan ƙyalle, taku goma daga ɗakin famfon, a wuri mafi zurfi a filin gaba ɗaya. A nan aka ce Abbana zai huta. Na zauna a kan kututture, takaici ya hana ni ko shan ruwan da na zo da shi.

Lahadi bayan azahar ya zo, cikin farin yadi mai ɗaukar ido, da kwalin biskit na Umma. Wannan karon ban sa ruwan toka ba, baƙar doguwar rigata ta zaman gida na fito da ita da tsohon ɗankwali, Umma na ta harara ina yi kamar ban gani ba. Na shimfiɗa takardu biyu a kan tebur, tasa da tawa, na ajiye hoton layin ruwan a tsakiya.

"Ba zan buga ba," na ce. "Taswirarka kan bishiya ta auna. Filin kwari ne, ruwan hanya gaba ɗaya nan yake sauka."

Ya yi dariya yana kallon Abba, irin dariyar da ake yi wa yaro idan ya yi wauta mai daɗi. "Gimbiya ke nan. Tauraron da manyan ƙasashe suka harba ne zai yi kuskure, sandarki ta yi daidai?"

"Bai yi kuskure ba. Abin da ya gani ya faɗa, mangwaro ya gani. Kai ne ba ka san me ka sauke ba."

"To ai sai a cike da ƙasa."

"Na lissafa. Tifa dubu goma sha ɗaya, in ka samu mai kyau. Ka fara kawowa, in ka gama sai ka kira ni in sake aunawa."

Nan fa fuskar ta canza. Ya ajiye kofin Umma da ƙarfi har ya yi ƙara. "Ku safiyoyi duk halinku ɗaya, tsoro. Wancan ma haka ya ce, na biyun ma haka, kamar haɗa baki kuka yi. Na ɗauka ke da za ki zama iyalina za ki bambanta."

Ni dai kallonsa nake yi. Ashe ni ce ta uku. Ya sani sarai, tun kafin ya san hanyar gidanmu. Biyu sun ƙi, sai ya zauna ya yi tunani irin nasa, ya ga ai akwai mai hatimi da ta kusa talatin ba ta yi aure ba, wadda uwarta ke neman kai da ita. Duk turaren nan da biskit da "ranki ya daɗe" na wata uku, ɗan hatimin katakon da ke cikin sif ɗina ake wa.

"Su waye biyun?" Abba ya tambaya a hankali.

"A'a, Abba, wasu ne can, 'yan baƙin ciki." Ya tattara wayarsa, ya ce yana da taro, ya fita ko sallamar kirki babu.

Ko ƙarar motarsa ba ta ɓace ba Umma ta sauke min kwandon faɗa.

"Kin kyauta. Kin tozarta mutum a gaban mahaifinki. Ke kowa ya zo sai kin kafa masa na'ura kin auna shi, wannan ya yi gajere, wancan ya yi kwari. Sandar awon ce za ta aure ki?"

"Umma, gida arba'in da biyu ne. Da mutane a ciki, da yara. Har da Abba."

"Allah ne ke tsarewa, ba takarda ba. Shi da ya kashe dukiyarsa bai san ruwa ba sai ke?"

Goggo ta ce dama ta faɗa, karatun mace idan ya yi yawa sai ya hau mata kai. Na dubi Abba ko zai ce wani abu. Hoton layin ruwan ne a hannunsa, ya ƙura masa ido, ya kasa ajiyewa. Na fi jin zafin shirunsa a kan duk faɗan Umma, domin na san ba ni yake jin haushi ba, tagogin nan ne da ya ƙirga.

Kafin magariba saƙo ya shigo.

"Gimbiyata, na yafe miki. Zafin rana ne."

Na rubuta: "Ka ajiye yafiyarka. Kar ka sake zuwa gidanmu."

"Haba. Ki daina wahalar da kanki a kan maganar takarda, an riga an wuce wurin."

Har da ɗan hoton fure. Na yi tsaki na kife wayar. A zatona nufinsa ya haƙura, ko ya tafi neman safiyo na huɗu, na ma riga na shirya in sanar da hukuma da safe don kowa ya yi hattara. Ina ta yi wa kaina kirari a zuci, wai na gano shi da wuri.

Litinin ƙarfe bakwai da rabi, ina gaban madubi ina ɗaura ɗankwali, jakar aiki a kan gado, sai wayata ta yi ƙara. Oga ne, mutumin da bai taɓa turo min saƙo kafin takwas ba. Hoto ne ya turo, na shafin ƙarshe na wata taswira. Na buɗe na faɗaɗa. Tudun nan ne mai kusurwa huɗu. A ƙasansa ga hatimina raɗau, sunana, lambata, ga sa hannuna har da 'yar lanƙwasar da nake yi a ƙarshe. Ga kuma tambarin hukuma na karɓa, ranar Juma'a. Kwana guda ke nan kafin in taka filin.

Ban san lokacin da na isa sif ba. Durowar a kulle take lafiya lau. Na buɗe, ga ɗan akwatin, ga hatimin a ciki, sai dai a kife, ni kuwa a tsaye nake ajiye shi. Na shafa fuskarsa, shuɗin tawada ya kama min yatsa. Ni baƙa nake amfani da ita.

Na fito falo da shi a hannu. Sai a lokacin idona ya kai bango. Inda taswirar Abba take, ƙusa ce kawai da farin murabba'i a jikin fenti. Jiya ina tsaye a ɗakin nan ina zuba bayani a kan abin da wani ya kasa gani, ban lura ba.

"Umma, ina firam ɗin nan?"

Tana zuba wa Abba shayi, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Injiniya ya karɓa ranar Alhamis, zai canza masa gilashi."

Ashe daga nan ya kwaikwayi sa hannuna. "Wannan fa?" Na ɗaga hatimin.

Ta ajiye butar, ta gyara zama, babu alamar ta ga laifi a abin. "Makullan gidan nan akwai wanda ba ni da shi ne? Awa biyu kawai ya yi da shi ya dawo da shi, ko ƙwarzane babu. Na san halinki, sai kin ja masa rai har ya gaji ya tafi kamar sauran. Taimakonki na yi. Wata rana za ki gode min."

Abba ya ajiye kofinsa a hankali, shayin na zuba a kan yatsunsa bai ko ji ba.

Wayar ta sake ƙara a hannuna, wannan karon kira ne. Na ɗauka.

"Kin gani?" in ji Oga.

"Na gani. Ba ni ba ce, Oga."

"Na san ba ke ba ce, shi ya sa na kira kafin ki fito. Hukuma ta amince, an ce jibi za su fara haƙa harsashi. Hanya ɗaya ce. Yau kafin azahar ki shigar da rahoto cewa an yi amfani da hatiminki ba da saninki ba, a dakatar da aikin. In kika bari aka zuba kankare, taswirar taki ce har abada, ranar da ruwa ya zo kuma ke za a nema." Na ji yana jan takarda. "Amma rahoton ba ya karɓuwa sai da sunan wanda ya ɗauki hatimin daga inda kike ajiye shi, kuma 'yan sanda ake miƙa wa. Ga biro a hannuna. Wa zan rubuta?"

Umma ta turo min kofi ta kan tebur, ta zuba sukari cokali biyu yadda nake so tun ina ƙarama.

"Sha ki tafi kar ki makara," ta ce. "Wa ke kan layin?"